Hayaƙin Da Yaya Iliya Ya Ce In Kawo Masa

Abin da na fara yi a ƙasar Beljiyam abin kunya ne, kuma har gobe ba na nadamarsa. Muna fitowa daga filin jirgi na ga motocin haya jere a bakin ƙofa, kowace injinta na aiki, amma idona bai yi yaji ba. Sai na ajiye jaka, na tsuguna a bayan wata, na tara tafin hannu a bakin salansa, na kai hanci. Ɗumi kawai na ji da ɗan danshi. Oga Sande, dillalin motoci daga Sabon Tasha wanda ya kawo ni, ya fizgo wuyan rigata.

"Habila, kai ka na lafiya? Ka na so ka kunyata ni a gaban Turawa tun ba mu shiga gari ba?"

Na miƙe na ɗauki jakata. Ta yaya zan yi masa bayani? Haka yayana Iliya ya koya mini duba mota. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, a garejinsa na Kafanchan, kusa da layin dogo, na girma. Yaya Iliya bai taɓa mallakar wata na'ura ta gwada inji ba. Hancinsa ne na'urarsa. Zai durƙusa a bayan mota, ya shaƙi hayaƙi kamar mai ɗanɗana miya, ya ce mai ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan, ya miƙe ya murza kafireta sau ɗaya, magana ta ƙare. In ramin mai ya toshe, da baki yake hurawa. In ana son fetur daga tanki, da baki yake zuƙowa. Tari kuwa ya daɗe da zama abokinsa, har muna tsokanarsa cewa shi kaɗai ne injin da ya kasa saitawa.

Da aka shiga shekarun casa'in sai motocin Beljiyam suka fara shigowa ta Kwatano, waɗansu ba su da kafireta sam, sai injekta da wani akwati da ake kira ƙwaƙwalwar mota. In irinsu ta lalace, abin da kanikawa ke yi shi ne su tumɓuke komai su dasa mata tsohuwar kafireta, ta koma shan mai kamar rijiya. Yaya ya yi hakan sau biyu, kuma duk sau biyun bai ci abinci da daɗi ba. Ya ce wannan aikin mahauta ne. Da Oga Sande ya ce ya san makarantar kanikanci a can, Yaya ya sayar da cittar da ya noma ta shekara guda, ya ce in je in koyo mana.

Makarantar nan ban taɓa ganin ƙofarta ba. Daga Burusal jirgin ƙasa muka hau zuwa Antwaf, garin da jiragen ruwa ke lodi. Oga Sande ya kai ni wani makeken fili a bayan gari, cike da tsofaffin motoci har ido ya gaji, ya yi ƙus-ƙus da mai filin, ya dafa kafaɗata ya ce zai dawo ranar Litinin mu je a rubuta sunana. Litinin ɗin nan har yau ba ta zo ba. Daga baya na ji cewa ba ni ne na farko da ya ajiye a wurin ba, kuma kan kowannenmu yana da abin da yake karɓa.

Aikin da aka ba ni bai buƙaci makaranta ba. Duk motar da za ta Afirka, sai in shiga ƙarƙashinta, in nemo wata tukunyar ƙarfe da ke tsakiyar bututun salansa, in yanke ta, in liƙa bututu miƙaƙƙe a gurbinta da walda. Tukwanen a jefa su cikin keji, ƙarshen mako babbar mota ta zo ta kwashe. Ban san mene ne ba, ban kuma tambaya ba, don mai filin ba ya son surutu. Ƙasa kankare ce mai sanyi, sanyin yana ratsa kwalin da nake shimfiɗawa ya shiga ƙashin baya. Hannuwana suka tsattsage. Na yi kewar rana kamar yadda ake kewar mutum.

Wata rana tartsatsin walda ya faɗa mini cikin hannun riga, na ƙunduma ashar da Hausa, irin wanda da Yaya ya ji da na sha mari. Sai na ji wata murya daga bayan wata bas.

"Subhanallahi! Wane ne wannan yake zagin uwar ƙarfe da tsakar rana?"

Wani dogon mutum ne mai ɗan gemu, Malam Sani, mutumin zangon Kumasi, mai wanke motoci kafin a loda su. Na fito daga ƙarƙashin mota na rungume shi ban san lokacin da na yi ba, ga baƙin mai ga hawaye, na ɓata masa riga. A ranar ya kwashe ni daga tsohuwar bas ɗin da nake kwana ya kai ni ɗakinsa. Ɗakin bai fi rumbu girma ba. Shi yake tuƙa mana tuwo da garin Turawa, yana da kuka da daddawa a gwangwani da yake tsakura kamar magani. Hausata ce abin dariyarsa kullum.

"Kai Habila, a garinku mota namiji ce, mace ma namiji ce? Wa ya raba ku da 'ta'?"

"Malam, ka bar ni. Hausa na ya kai ni har Turai, ya isa."

In azumi ya zo ni nake dawowa da wuri in ɗumama masa abinci. Ran Lahadi kuwa shi yake tashe ni, ya ce in tashi in tafi coci, ba zai zauna da wanda ba ya gaida Ubangijinsa ba.

Wanda ya buɗe mini ido a kan tukwanen nan wani tsohon Bature ne, Baba Wilem, da yake zuwa gwada injuna kafin a sa musu kuɗi. Ba shi da yawan magana, Turancinsa ma guntu-guntu ne kamar nawa. Ya kama ni sau da yawa ina sunsuna bayan mota kafin in yanke da bayan na yanke, don na lura warin yana canzawa. Ran nan ya yafito ni, ya ɗauko wata tukunya da ta riga ta fashe, ya nuna mini cikinta. Farar ƙasa ce gasasshiya mai ƙananan ramuka jere, sak saƙar zuma. Ya ce sunanta katalis. An shafe ramukan da wani ƙarfe mai tsada, in ya yi zafi sai ya ƙone dafin da ke cikin hayaƙi kafin ya fita. Sannan ya nuna mini wani ɗan abu mai kama da fulogi da ke soke a gaban tukunyar, da wayarsa. Ya ce wannan aikinsa sunsuna hayaƙi, ya gaya wa ƙwaƙwalwar mota ta rage mai ko ta ƙara, kullum, ba hutu, shi ya sa motar ba ta ɓarnar fetur.

Na daɗe ina juya abin a hannuna. Hancin Yaya Iliya ne aka ƙera da ƙarfe.

Na tambaye shi, to don me muke cirewa? Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce fetur ɗin ƙasarmu akwai darma a ciki, darma kuwa tana toshe ramukan, ta kashe ɗan hancin ma, tanki kaɗan sun mutu. Tunda za su mutu a can, gara a cire a nan a sayar da ƙarfen. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa.

Ranar ban iya cin tuwon Malam Sani ba. An sayar da citta an turo ni in koyi injin da ba ya ɓarna, ga ni kwance a ƙasa ina yanke tsabtar daga kowace motar da za ta gida. Wata ma ƙila a tashar Kafanchan za ta ƙare, tana fesa wa mata masu suyar ƙosai abin da na buɗe mata hanya da hannuna. Na ji haushin Oga Sande, na ji na mai fili, amma kashegari da safe na koma na ɗauki injin yanka, don ciki ba ya jin bayani.

Baba Wilem bai tsaya nan ba. In an tashi cin abincin rana sai ya zaunar da ni a gaban inji, ya raba burodinsa biyu, ya nuna mini yadda ake gwada injekta, yadda ake bin waya har ƙwaƙwalwa. Abin da na sani yau a bakin wannan burodi na koye shi.

Da gida kuwa kaset ne yake haɗa mu. Yaya ba mai son biro ba ne. Sai in ɗauki magana a rikodar Malam Sani, in ba direbobin da ke bin motoci zuwa Kwatano, wata da watanni amsa ta dawo ta hannun wani. A kaset na farko na zuba masa labarin katalis da ɗan hancin ƙarfe, har na kai rikoda bayan wata mota na ɗauko masa ƙarar injinta. Amsarsa na haddace ta.

"Habila, ƙara na ji shi, ya yi kyau. Amma motan da ba ya wari, ni ban yarda ba. Kaset ba ya ɗaukan wari. In gaskiya ne, ka kawo mini shi nan Kafanchan in sunsuna da hanci na. In ƙarya ne kuma, ka shirya kunnen ka."

Ya yi dariya, dariyar ta juye tari, na ji matarsa Saratu, wadda muke kira Maman Godiya, tana cewa a ba shi ruwa.

Kaset ɗin da suka biyo baya maganarsa ta riƙa raguwa, ta Maman Godiya tana ƙaruwa. Ita ta gaya mini mai ya yi wahala a ƙasa, motoci suna kwana a layi, masu mota suna zuwa gareji a zuƙo musu daga wannan tanki a zuba a wancan, kuma Yaya ba ya iya cewa a'a. Ta ce an kai shi asibiti, sun ce ƙirji ne, sun hana shi aiki, bai hanu ba. A kaset na ƙarshe sai da na manna kunne a rikoda. Tsakanin kalma da kalma ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Kada ka yi gaggawa don ni. Ka gama koyo. Amma dai... kada ka daɗe."

Malam Sani yana zaune yana ji. Ya kashe rikodar da kansa ya ce, "Gobe za mu fara neman mota."

Baba Wilem ne ya samo ta wurin wata maƙwabciyarsa da mijinta ya rasu, doguwar mota ƙirar wagon, ruwan toka, ta tsufa amma an riƙe ta da kyau. Duk abin da na tara ya tafi a kanta da kuɗin jirgi, Malam Sani ya cika sauran bai bari na yi godiya ba. Mai fili da ya ji ba zan sayar masa da tukunyarta ba, ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba Wilem bai yi dariya ba. Ya ce in na bar ta a jikin mota, ko dai a sace ta a tashar jirgi, ko fetur ɗinmu ya kashe ta kafin in isa. In cire ta da ɗan hancin, in riƙe a hannu, sai na isa gida in mayar. Ko a hakan ma, ya ce, kwanakinta ƙidayayyu ne. Na ce na sani, sunsunawa ɗaya nake nema.

Tukwane nawa na yanke a filin nan, Allah kaɗai ya sani. Wannan ce ta farko da na kwance da sifana, noti bayan noti. Baba Wilem ya ba ni sababbin notuna da gasket na toshe mahaɗa a leda, ya naɗe tukunyar da tsohuwar rigar sanyinsa. Da za mu rabu ya taɓa hancinsa da yatsa ya ce in gaida yayana.

Kwatano ta nuna mini cewa wahala ba ta da launin fata. Ni na iso ta sama, jirgin ruwan ya makara. Kullum in je bakin tasha a ce gobe. Na kwana a rumfunan direbobi da jakata a ƙarƙashin kai, tukunyar tana danna mini wuya. Ɗan kiliyarin da na ba takarduna ya fito mini da motar daga tasha ya karɓi kuɗi sau biyu a kan aiki ɗaya, ya rantse da abin da ban taɓa jin an rantse da shi ba. Da kuɗin abinci ya ƙare, wata mai shinkafa 'yar Dosso, da ta ji ina lissafi da Hausa ni kaɗai, ta riƙa zuba mini ta ce in biya in na dawo, alhali ta san ba dawowa zan yi ba. Na samu wani direba mai zuwa Jos na roƙe shi ya biya ta gareji ya ce ina Kwatano, ina tafe da motar. Da ta fito, ba rediyo, ba safaya, an kuma cire madubi ɗaya. Ban ko yi faɗa ba.

Daga iyaka zuwa gida shingaye ne da layin mai. Bakin tankinta ƙarami ne, an yi shi don kada bututun fetur mai darma ya shiga, sai da mazurari nake ɗura mata na 'yan bumburutu. A wani shinge bayan Jebba wani mai kaki ya zazzage jakata, ya warware rigar Baba Wilem, ya girgiza tukunyar a kunne.

"Mene ne wannan? Gwal ka ɓoye?"

"Ranka ya daɗe, na salansa ne. Yana hana hayaƙi wari."

Ya dube ni, ya dubi abokinsa, suka tuntsire. Ya jefo mini ita, na cafe kafin ta taɓa ƙasa, don in saƙar ta fashe tafiyata ta tashi a banza.

Na bi ta Akwanga. Da na wuce Gidan Waya na ga duwatsunmu, na fara shirya abin da zan ce masa. Na yi niyyar ba zan nuna masa tukunyar ba sai ya sunsuna motar haka nan, ya ja kunnena ya ce na yi ƙarya, sannan in mayar da ita in ga fuskarsa.

Da la'asar na tsaya a gaban gareji. A rufe yake, ba mota ko ɗaya. Inna Hajjo kaɗai na gani, Bafulatanar da ta yi shekara da shekaru tana sayar da nono a gindin mangwaron wurin, wadda Yaya yake gyara wa ɗanta babur kyauta. Ta gane ni. Ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta taso a hankali.

"Habila, ka zo? Sannu da hanya. Allah ya ba ka haƙuri, ɗana. Iliya mutumin kirki ne."

A bakinta na ji. Na zauna a ƙasa a jikin tayar motar, ita kuma ta tsaya a kaina.

Saƙon direban Jos ya same shi da rai. Maman Godiya ta ce ya sa an fitar masa da kujera ƙofar gida, yana zama yana kallon hanya, har ranar da ya kasa fitowa. Sun ajiye gawarsa a asibiti suna jirana, da suka gaji aka sa jana'iza, ta faɗo kashegarin isowata, a ƙauyenmu kusa da Fadan Kaje. Da na ƙara kwana ɗaya a hanya da ko akwatin ban gani ba.

An riga an shirya tsohuwar a-kori-kurar gareji ta ɗauke shi. Na ce a'a, ni zan ɗauke shi. Da sassafe na buɗe gareji, na hau da wagon kan raminsa, na ɗauko sifanunsa a inda ya saba rataye su. Na kwance bututun da na ɗaura a gurbin tukunyar, na mayar da ita da notunan Baba Wilem, na soke ɗan hancin na haɗa wayarsa. Noti ɗaya ya faɗi rami sau biyu. Na tayar da ita, na bar ta ta yi zafi yadda aka koya mini. Ban sunsuna ba. Ba nawa ba ne.

A wurinmu in an fito daga coci, motar gawa takan tafi a hankali, jama'a su bi ta a ƙafa har gida, matan zumunta a gaba suna waƙa. Na bi irin wannan tafiya tun ina yaro, na san yadda take. Hayaƙi yakan sa mata su ja baya, su toshe hanci da bakin zane, waƙa ta riƙa yankewa da tari, gawa ta yi gaba ita kaɗai da tazara tsakaninta da masu ita.

Akwatin ya fi motar tsawo kaɗan, muka bar ƙofar baya a ɗage. Na sa giya ta ɗaya, na saki a hankali. Ta madubin da ya rage mini nake kallonsu. Da farko sun bar tazarar da aka saba, waɗansu har sun riga sun kai zane hanci. Muka yi 'yar tafiya. Na ga wata tsohuwa ta sauke zanenta. Na ga sun matso. Kafin mu kai rafin da ke gaban gidanmu, matan sun manne da motar, hannuwansu a kan akwatin, waƙar tana tafiya ba ta yanke ba. Ban taɓa ganin an raka wani kusa haka ba. Hawaye ya hana ni ganin hanya, sai da fasto da ke gefena ya kama sitiyari.

A ƙofar gida na tsaya, ban kashe inji ba. Maza suka matso za su sauke shi, Maman Godiya ta ɗaga musu hannu. Ta ji kaset ɗin nan duka, tana wurin aka ɗauki nasa. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta durƙusa a bayan motar yadda ta ga mijinta yana yi shekara da shekaru, ta tara tafin hannu a bakin salansa, ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe, ta ƙwanƙwasa akwatin da yatsa sau biyu, kamar mai tashin wanda barci ya ɗauke.

"Baban Godiya," ta ce, "yaron ka bai yi ƙarya ba. Ba ya wari."